Na kayar da troll ɗin Rope Guild bayan kwana 9

Jama'a daren jiya wajen ƙarfe 1 na gama da su. Dodannin nan, troll huɗu da ogre biyu, da ke cikin Rope Guild a tsohuwar unguwar garin Phlan, waɗanda za ka iske suna wasan jifa da buhun hatsi, duk sun kwanta kuma ba wanda ya mutu a tawagata. Wallahi sai da na tashi tsaye na zaga ɗaki don murna. Duk wanda ya taɓa Pool of Radiance, tsohon wasan kwamfutar nan, ya san faɗan da nake nufi, kwana 9 na yi a kansa, kuma a ciki akwai ranar da na rufe laftof na ce na bar wasan kenan.

Na dai sayo shi ne a GOG, shagon wasanni na intanet, cikin tarin Forgotten Realms na biyu, wanda ya haɗa da Curse of the Azure Bonds, wasan da ya biyo bayansa, da sauran. Kuɗin a dala ba yawa amma da aka juya shi zuwa naira aka ɗora cajin kati sai da na ji shi a jikina, shi ya sa ma zuciyata ta ƙi yarda in watsar. Saitin DOSBox, manhajar da ke kunna tsofaffin wasanni, bai ba ni wahala ba, rage gudu kawai na yi don saƙonnin faɗa su daina wucewa kafin in karanta.

Tawagata shida ce: mayaƙa biyu mutane, wada ɗaya mai haɗa yaƙi da sata, mai warkarwa ɗaya, matsafi ɗaya mutum, sai elf mai haɗa yaƙi da tsafi. Da su na share kusan duk unguwar, su kobold da goblin da orc, Sleep, tsafin sa barci, kawai nake watsa musu mayaƙa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi min sauƙi har na fara ganin kamar na gane wasan. Sai wani matsafi mai suna Ohlo ya aike ni karɓo masa maganinsa, na shiga Rope Guild inda taswirar wasan ke daina aiki, ina ta zane a littafin lissafi mai gida-gida, na faɗa ɗakin nan ba shiri.

Karon farko ko zagaye uku ban kai ba. Troll ɗaya duka uku yake kaiwa a zagaye guda, farce biyu da cizo, cizon kaɗai yana iya cin jini 12, ni kuwa mayaƙana suna mataki na 2. Na sake lodi, haka. Na sake, haka. Na watsa Sleep a kan troll ɗin ko gezau, ashe dokar AD&D ce, wasan kan tebur da aka gina wannan a kansa, Sleep ba ya kama abin da ya wuce ɗan lidon jini (ma'aunin ƙarfin dodo) 4+4, troll kuwa 6+6 ne. Ogre ne mai 4+1 yake iya kamawa. Wannan ban san shi ba sai da na zauna na karanta littafin dokokin da ya zo da wasan, wanda da farko na tsallake shi.

Amma abin da ya fi ƙona min rai ba dukan ba ne. A rana ta huɗu na yi sa'a ƙwarai, na kayar da troll biyu, na juya kan na uku, ina cikin murna kawai sai na ga na farkon ya miƙe tsaye a bayan matsafina. Ya miƙe fa! Duka ɗaya ya kwantar da shi. Na bi na ɗaure masa rauni don kada jininsa ya kai -10, kafin in juyo na biyun ma ya tashi. Troll yana mayar da jini 3 kowane zagaye, kuma ko ka kai shi ƙasa in ba wuta ce ta gama da shi ba zai dawo. Ranar ce na rufe laftof ɗin. Kusan minti 40 na faɗa ɗaya ya tafi a banza, ga shi an ɗauke wuta batir saura kaɗan.

Kwana biyu ban taɓa shi ba. Da na dawo sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na ƙyale su na hau jirgin ruwa zuwa Sokal Keep. Can ne na ƙara son wasan nan. Ka iske gawar elf da takarda mai rubutun da ba ka iya karantawa, sai ka ɗauko faifan takardar nan da ke zuwa da wasan, na haruffan Espruar da Dethek (rubutun elf da na wadanni), wanda na ɗauka aikinsa kawai hana satar wasa ne, ka juya shi ka fassara kalmomin da kanka. Ni bugo shi na yi a takarda mai kauri na yanka da almakashi na soke tsakiya da ƙusar takarda, yana nan kan teburina gefensa duk ya lanƙwashe. LUX ta fito, na faɗa wa fatalwar Ferran Martinez, ya yi min magana maimakon faɗa. Babban faɗan orc da hobgoblin na wurin kuwa Sleep ta yi aikinta.

Na dawo da maki da lada daga magatakardan majalisar gari, sai kuɗin horo ya tare ni. Zinariya 1,000 kowane mutum kowane mataki! Mutum shida, biyu daga ciki masu sana'a bibbiyu. Na sayar da kusan duk abin da na kwaso, na haƙura da sulken da na daɗe ina hange a shago, na sa matsafina gaba a layin horo domin shi nake buƙata ya kai maki 5,001 ya hau mataki na 3. Da ya hau aka ce in zaɓi tsafi ɗaya, ban ko tsaya tunani ba na ɗauki Stinking Cloud, gajimaren wari mai sandarar da abokin gaba. Elf ɗin kuwa tunda makinsa rabawa ake yi gida biyu har yanzu bai kai ba, don haka gajimare ɗaya tak gare ni a faɗan. Sauran canjin na zuba a tulunan mai da kibau.

To ga yadda ta kasance jiya. Ogre biyun su ne a gaba, wurin kuma matsattse ne. Elf ya fara samun juyi ya watsa Sleep, duka biyun suka kwanta. Da a da ne da gudu zan je in kashe su tunda mai barci duka ɗaya ne, amma wannan karon na bar su a kwance suka zama min katanga, troll ɗin suna baya suna neman hanya ta gefe ɗaya. Nan bakin hanyar na ajiye gajimaren, gida biyu-biyu ne faɗinsa kuma ba ya zuwa nesa, dole matsafi ya matso, gabana na faɗuwa na matsar da shi. Troll biyu suka shiga ciki, ɗaya ya tsallake, ɗayan ya kama amai ya sandare. Kibiya ɗaya daga wada ta gama da shi.

Daga nan sai abin da na koya da wahala: duk inda troll ya faɗi, in ka tsayar da mutum a kan gidan ba zai samu wurin tashi ba. Sai na mayar da mai warkarwa mai gadin gawa, da gajimaren ya baje ya je ya tsaya a kai bai ƙara motsi ba. Na biyu da mai muka gama da shi, tulu uku na jefa biyu suka same shi, AC ɗinsu (ma'aunin kariya) 4 ne ba wani abin tsoro ba amma THAC0 (ma'aunin iya samun abokin gaba) na ƙananan matakai sai a hankali, za ka ga ka jefa ya wuce ta gefe kana ji kana gani kuɗinka ya ƙone a ƙasa. Na uku shi ya kusa ɓata komai, ya kai babban mayaƙina jini 3, na janye shi kuma ka san in ka juya baya a wasan nan sai an kai maka duka kyauta, Allah Ya taimaka ya kuskure. Na huɗu muka taru masa mu huɗu. Da ya faɗi na juya kan ogre ɗin da ke barci, sara ɗaya-ɗaya. Tambayar nan ta ko za a ci gaba da faɗa ta fito, na danna a'a da sauri hannuna na rawa kafin wani ya miƙe.

Na yi sebin sau biyu a gida daban-daban.

Abin da ke burge ni har yanzu shi ne wasan 1988 ne, SSI suka yi shi bayan sun samu lasisi daga TSR, kamfanin da ya yi AD&D, kuma ba su sassauta dokokin tebur ɗin ba don wai kwamfuta ce. Troll ɗin da ke littafin dodanni shi ne a allon, da farcensa da dawowar jininsa. Na ɗan taɓa Wizardry na 1981 kafin wannan, ina son shi, amma can faɗa rubutu ne da layin gaba da na baya, nan kuwa inda ka tsaya ma hukunci ne. Abin da ban yafe musu ba shi ne warkarwa: ka haddace tsafin warkarwa na Cure Light Wounds, ka huta, ka yi, ka sake haddacewa, ka sake hutawa. Bayan faɗan jiya kusan minti 20 na yi ina wannan zagayen. Sai a Curse na 1989 suka kawo FIX mai yin duka da dannawa ɗaya.

Tsarina na farko shi ne unguwa, sai Sokal Keep, sai rijiyar Kuto, sai ɗakin karatun Mendor, yanzu duk ya cakuɗe, ban ma koma wurin magatakarda ba tukuna in ga ko unguwar ta cika sharuwa. Kuma akwai abin da ke damuna game da elf ɗin nan. Raise Dead, tsafin tayar da matacce, ba ya aiki a kan elf, in ya mutu ya tafi kenan sai dai lodi, ga iyakar mataki da aka sa wa duk wanda ba mutum ba, wadda a nan ba ta cika ciwo ba tunda matsafi a mataki na 6 yake tsayawa, amma in na ɗauke tawagar zuwa Curse za ta fara nunawa. Ina tunanin in ƙirƙiri matsafi na biyu mutum tun yanzu in fara renonsa, sai dai kuɗin horonsa daga farko ne kuma aljihun tawagar babu komai. Waɗanda suka wuce nan a cikinku, kun riƙe elf ɗinku har Curse ko kun canza shi tun a Phlan? Yau da dare dai rijiyar Kuto zan shiga, tulun mai biyu suka rage min.