Motar da ke shan baƙin mai ba ta jiran ranar juye

Akwai wata al'ada da mu masu mota muke da ita wadda a ganina ta fi ramukan hanya kashe injina, wato mutum ya je a yi masa juye, a rubuta masa kilomita a 'yar takarda a manna a gilashi, shikenan shi da baƙin mai sai kuma ranar wani juyen. Wata uku, wata huɗu, ko bonet bai ɗaga ba. Fetur kam kullum idonsa na kan geji tunda shi ke cin aljihu, amma baƙin mai an ɗauka in an zuba lita 4 to lita 4 ɗin za a tarar. Wallahi ba haka abin yake ba. Kowane inji yana ɗan lasar mai ko da sabo ne fil, kawai dai lafiyayyen inji abin da yake lasa bai kai ka lura ba, wani injin kuwa sha yake kamar an aiko shi, kuma ba lallai ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasan inda kake fakin ba.

Wannan rashin ɗigon shi yake yaudarar mutane. Za ka ji mutum na cewa ai motata ba ta yoyo, na duba ƙasa tsaf. To man ba ta ƙasa kawai yake fita ba, akwai wanda ake ƙona shi tare da fetur ya bi salansa ya tafi. Kowane fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, yana da ringi a jikinsa, yawanci guda 3, na sama biyun su ne ke riƙe ƙarfin inji, na ƙasan kuma aikinsa ya kankare man da ke jikin bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ƙananan ramuka da ke jikin fistin ɗin. In datti da gawayin ƙonannen mai suka toshe ramukan nan, ringin ya maƙale a gurbinsa, to man sai ya tsaya a bango wuta ta cinye shi, kaɗan kaɗan a kowane hawa da sauka, inji kuma yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, ka ga kuwa abin ba zai daɗe bai taru ba.

Kuma ba kullum laifin mai mota ba ne, akwai injinan da tun daga ƙira suke da wannan halin. Wanda ya fi shafar mu shi ne injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda muke ce wa Muscle, da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Kamfanin da kansa ya fitar wa dilolinsa sanarwa a kan matsalar a 2011, daga baya ya tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000, ana gwada mota, in ta sha wajen lita 1 a mil 1,200 sai a canza mata fistin da ringi kyauta. Honda ma ta yi sulhu a kotu a 2013 a kan injinanta na V6 irin na Accord ta 2008 zuwa 2012, Audi mai injin 2.0 ita ma ta sha irin wannan ƙarar. To waɗannan motocin su ne dai aka loda a jirgi aka sauke a Kwatano da Legas muka saya, garantin ya daɗe da ƙarewa, kuma babu wanda zai gaya maka ko taka an taɓa yi mata gyaran a can ko ba a yi ba.

Yi lissafin da kanka. Mil 1,200 ya kai wajen kilomita 1,900. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kenan zuwa da dawowa sau biyu ka kusa shanye lita guda. Injin nan gaba ɗaya lita 4 da ɗan ɗoriya yake ɗauka. In kana juye duk kilomita 5,000 ba ka ƙari a tsakani, kafin ranar juyen ta zo fiye da rabin man ya tafi, ɗan abin da ya rage shi ke ɗaukar duk zafin da duk dattin, ga zafin Afrilu, ga cunkoso da AC a kunne.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani gareji. Wani dattijo ya kawo motarsa juye, mota fes an goge ta tana ƙyalli, yaron gareji ya shiga ƙasa ya kwance noti ya tara wata yankakkiyar jarka. Man ya ɗan zubo baƙi ƙirin da kauri, kafin ka ce me ya koma ɗigo, ko gindin jarkar bai gama rufewa ba sosai. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga zo ka gani." Ogan ya zo ya karkata jarkar ya kalla, ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ka zaro gejin baƙin mai?" Dattijon ya ce, "Ai lokacin juyen bai ma cika ba, kuma fitila ba ta kawo ba." Ogan ya ce, "Alhaji, Allah ne kawai ya tsare maka injin nan." Har yanzu in na tuna abin yana damuna, don mutumin ba sakaci ne da shi ba, yana kula da motarsa iya saninsa, kawai ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Batun fitilar nan ma dan Allah a fahimce shi. Jan alamar nan mai kama da buta da ke dashbod, a yawancin motocin da muke hawa ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tunkuɗar man take aunawa. Ba za ta kawo don mai ya ragu da lita 1 ko 2 ba, sai lokacin da famfon mai ya fara zuƙo iska, a lokacin kuwa ƙarfe ya fara gogar ƙarfe a kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da metal ɗin da take zaune a kai. In ka ga tana ƙiftawa idan ka sha kwana ko ka taka birki da ƙarfi, to ɗan man da ya rage ne ke gudu gefe guda. In ta kawo kana tafiya ka sauka gefen titi ka kashe motar nan take, kar ka ce bari in ƙarasa gidan mai na gaba, a wannan ƙarasawar ne inji ke bugawa.

Duba man kuma bai kai minti biyu ba. Ka tabbata motar a shimfiɗaɗɗen wuri take ba a gangare ba, da safe kafin ka tayar ya fi, in kuma ka riga ka yi tafiya ka kashe ka ba ta kamar minti 5 zuwa 10 man ya gama sauka. Ka zaro gejin, wato siririn ƙarfen auna mai da ke soke a jikin inji, yawanci hannunsa rawaya ne ko ruwan lemo, ka goge shi tas da tsumma mai tsabta, ka mayar har ya zauna, sannan ka sake zarowa ka riƙe shi a kwance. Zarowar farko ba a karanta ta. Za ka ga ɗigo biyu ko layi biyu a bakinsa, man ya kamata ya tsaya tsakaninsu, kusa da na sama. A motoci da yawa tazarar da ke tsakanin alamun nan wajen lita 1 ce, saboda haka in ya sauko na ƙasa ka ƙara rabin lita tukuna, ka jira, ka sake dubawa. Kar ka cika har ya wuce alamar sama da sunan ajiya, in ya yi yawa kiranshaf na kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta shafa ƙarfe, ga shi yana matsa wa oyil sil lamba har ya fara yoyo. Ka murza man a yatsa ka shinshina, in yana warin fetur ko ya yi kalar shayi da madara to wannan wata matsalar ce daban, ta biyun yawanci ruwa ne ya shiga ta gasket.

Abin da ni nake ba mutane shawara shi ne su rubuta. Ranar juye ka tabbatar man yana alamar sama, ka ɗauki hoton kilomita a waya, duk sati ko duk lokacin da za ka kama doguwar hanya ka duba, ranar da ya sauko alamar ƙasa ka sake duba kilomitar. Yanzu ka san cin motarka da lamba, ba wai ka je wa bakanike da "kamar tana shan mai" ba, shi kuma ya ce maka sai an sauke inji. Don ba duk shan mai ne ringi ba. Akwai wani ɗan bawul mai suna PCV da ke saman inji, in ya toshe ko ya maƙale shi kaɗai yana sa inji shan mai, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In shuɗin hayaƙi na fita da safe in ka tayar sannan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. In kuma sai ka taka totur da ƙarfi yake fita to hankali ya fi komawa kan ringi. A kwance fulogi a duba bakinsa, a gwada kwamfireshan, a leƙa ƙasan inji da gefen kaba ko akwai jiƙa. Iya kilina ma, wato matatar iskar da ke shiga inji, a duba shi musamman da hunturu, ƙurar da ta wuce shi kai tsaye bangon silinda take ci.

Sai maganar mai kauri. Da zarar ka ce mota na shan mai abin da za a fara ce maka shi ne a zuba 20W-50, wasu ma har da ƙarin wani abu mai danƙo a kai. Gaskiya ne zai iya rage shan kaɗan, kuma gaskiya ne muna da zafi, littafin wasu motocin ma ya yarda a ɗan ƙara kauri a ƙasashe masu zafi. Amma kauri ba ya buɗe ramin da ya toshe, kuma injin da aka rubuta wa 5W-20 ko 5W-30 a murfinsa yana da siraran hanyoyin mai, musamman masu VVT-i, wato tsarin da ke amfani da ƙarfin mai wajen sarrafa lokacin buɗewar bawul, in man ya yi kauri da yawa yana jinkirin isa sama da safe. Ka duba murfin ko littafin motar kafin ka yarda. Man awo na bakin titi wanda ba ka san daga ina aka ɗuro shi ba kuwa ni ba na shawartar kowa ya zuba, jabu ya yi yawa, ka sayi na galan a wurin da ka yarda da shi a fasa a gabanka, ragowar ka ajiye a but.

In lissafinka ya nuna lita 1 a kilomita 3,000 ko 4,000, mota na da ƙarfi, fulogi ba ya jiƙewa, ni a wurina ba dalilin gaggawar buɗe inji, ka dinga ƙari kana juye a kan lokaci, motar za ta yi maka shekaru a haka. In kuwa ta kai lita 1 a ƙasa da kilomita 1,000, tana hayaƙi tana kashe fulogi, to fara tara kuɗin ringi, kuma ka ce a wanke ramukan fistin ɗin ko a canza fistin ɗin gaba ɗaya, a auna silinda kafin a mayar, don sabon ringi a kan toshesshen fistin bayan 'yan watanni shan zai dawo.