Ta Kawo Maka Littafi, Ka Miƙa Mata Waya

Ranar Juma'a na je gaida ƙanena a unguwar Fadamar Mada, cikin garin Bauchi. Ɗansa na zaune a tabarma, sai 'yar ɗan nasa mai shekara huɗu ta zo da wani yagaggen littafi mai hoton akuya tana jan masa riga: "Abba, mene ne wannan?" Ko kai bai ɗaga ba. Ya miƙa mata ɗayar wayarsa, ya ce ta je wurin mamanta. Gabana ya faɗi, don kaina na gani.

Shekara ashirin ina sayar da yadi a kasuwar Wunti. In fita da sassafe, sai bayan isha'i in dawo, galibi ba wuta. Kuɗin makaranta ban taɓa bari ya wuce lokaci ba, na Islamiyya ma haka. To me kuma ake so uba ya yi? Haka nake faɗa wa kaina, kuma har yau ina ganin da ɗan gaskiyata, don ciyar da mutum tara ba wasa ba ne. Amma fa ban taɓa rasa lokacin zaman majalisa ba. Labarun rediyo ba sa wuce ni. Ni da na shiga firamare a 1976 da UPE, shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta, na iya karatu sarai, sai na ɗauka koya wa 'ya'yana karatu aikin malamai ne tunda na biya. Mahaifina bai san boko ba, amma kullum da dare sai ya zaunar da mu gaban aci-balbal ya ji allonmu, baƙi bayan baƙi. Ni ban yi wa nawa ba.

Babban ɗana yana aji biyar na ba shi katin ɗaurin aure ya karanta mini. Ya tsaya yana kallon takardar, leɓe na rawa. Na mare shi. Wannan marin har gobe yana ci mini rai. Ya iya karatu daga baya, amma bai sake kawo mini littafi ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ga abin da ya rage. Bayan magariba ku zauna da yaro, ko minti goma ne. Ku fara da Hausa, harshen da yake ji. In ba littafi, akwai kwalin shayi da allon shago a hanya. Uwa ta yi tatsuniyar Gizo, uba ya nuna baƙi da yatsa. Ku ajiye wayar nan! Yaran yanzu, mutum ya kwana yana latsa abu amma ya ce ba shi da lokaci. To, in labarin a wayar yake, ku karanta tare, ko da yake ni ban yarda da ita ba. Kada ku daki yaro kan karatu. Kada kuma ku sake masa ya yi yadda ya ga dama.

Na ce wa ɗan ƙanen nawa ya kira yarinyar. Ya ce, "To Baba, bari in gama wannan." Har na tashi bai gama ba.