Inji na gyara, birki ya ba ni kunya

Shekarata goma sha tara da sifana a hannu a garin Bauchi kafin a kawo mini motar da za ta shiga tsere. Maigidan da ya koya mini aiki tsohon ma'aikacin Steyr ne, kamfanin da a da yake haɗa manyan motoci da taraktoci a nan garin, kuma a wurinsa na san Fijo 504 ciki da bai. Shi ya fara ba ni labarin cewa wannan mota da muke danƙara wa buhunan masara ta taɓa cin gasar Safari a Kenya, a 1975 da kuma 1978. Abin da na riƙe daga labarin kuwa inji ne kawai. A lissafina na lokacin, motar da ta fi ƙarfin inji ita ke cin tsere.

Mai motar matashi ne da ya yi karatu a Maleshiya. A can ya saba zuwa filin Sepang a ranakun da ake buɗe shi ga masu motocin gida. Da ya dawo sai ya sayi tsohuwar BMW 325i ƙirar E36, mai silinda shida da ƙarfin doki 192, ya shiga wata ƙungiya ta masu sha'awar abin da ke haɗuwa a wani filin tsere a jihar Edo. Babu wani kuɗin kirki da ake ci. Kowa daga aljihunsa yake kashewa.

Da farko ƙi na yi. Na ɗauka irin wasan motar nan ne da samari ke yi ranar ɗaurin aure, a juya mota a tsakiyar titi yara na tsaye a gefe. Na ga gawar da wannan wasa ya jawo, kuma har gobe ba na sa hannuna a motar da na san nan za a kai ta. Sai ya miƙo mini takardun dokokin ƙungiyar, ya zauna a kan benci yana fassara mini. Yawancin abin da ke ciki ba maganar gudu ba ce. Maganar hular kwano ce, da bel mai kama kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da zai yanke batir gaba ɗaya, da ƙugiyar jan mota gaba da baya. Fili ne a killace, kowa hanya ɗaya ya fuskanta, babu ɗan acaɓa, babu akuya. Wannan ya sa na karɓi aikin.

Wata uku motar tana gareji. Muka fitar da kujerun baya da kafet da na'urar sanyi, har da tayar safiya, don kowane kilo da aka rage sauƙi ne ga inji da birki da taya. Mai walda ya haɗa mana kejin ƙarfe a ciki, wanda zai tare rufin idan mota ta kife. Ya so ya yi da bututun ruwa don shi ne a kusa, mai motar ya ce atafau sai bututun da ba shi da ɗinki, aka jira shi mako biyu daga Legas. A inji kuwa na zuba duk abin da na sani. Wannan ƙirar tana da rauni a wajen sanyaya inji: farfelar famfon ruwanta ta roba ce, wuyan lagireto ma roba ne, zafi na cin su. Na canza duka.

A kan tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin ruwan inji, muka yi gardama. Ni tun tasowata cire shi muke yi, mu haɗa fanka kai tsaye, mu ce na ƙasar sanyi ne. Ya ce, "Oga, don Allah a mayar da shi. Wanda ya ƙera injin ya san da zafi." Ya nuna mini cewa an tsara injin ya yi aiki a kusan digiri 90, kuma idan ya kasa kai wa nan sai kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta riƙa ƙara masa fetur. Na mayar, raina bai so ba. Daga baya na gane yaron ya fi ni gaskiya.

Birki fa? Na sa sababbin fad, na duba faranti, na leƙa tulun man birki na ga ya ɗan sauka, na ɗauko wata gora da ke kan kanta, wadda ban san watannin da ta yi a buɗe ba, na cika. Minti goma ban yi a kai ba.

Muka ɗora motar a kan babbar mota, muka bi ta Jos, muka gangara Hawan Kibo, Akwanga, Lokoja, Okene, Auchi. Kwana biyu a hanya. Da safe kafin a bar kowa ya shiga fili sai da aka binciki motoci ɗaya bayan ɗaya. Mai binciken ya girgiza kujera, ya ja bel, ya taɓa waldar keji, sannan ya durƙusa ya karanta lambobi huɗu da ke jikin kowace taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Shekara nawa ina sa wa mutane taya 'yar Kwatano, zanen jikinta kawai nake dubawa. An yi wa direbobi bayanin tutoci: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, ba a wuce kowa, ja, kowa ya rage gudu ya fito, shuɗiya, wanda ya fi ka gudu na bayanka.

Zagaye huɗu na farko ina tsaye a bakin shinge ina jin kukan injin, zuciyata fes. A na biyar, a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar inda kowa ke taka birki kafin kwana, sai na ga motarmu ba ta rage ba. Ta miƙe ta bar kwalta, ta shiga jar ƙasa, ƙura ta rufe ta. Aka ɗaga tuta rawaya. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba.

Allah ya kiyaye, babu abin da ya tare ta sai fili. Ya fito da ƙafarsa, ya cire hula hannunsa na rawa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Oga, na taka, ya tafi ƙasa."

Aka jawo motar. Na shiga ƙarƙashi ina neman inda mai ke zuba, babu. Tulu a cike. Bayan kamar minti ashirin na taka birkin, sai ga shi ya dawo da tauri kamar ba abin da ya faru. Nan kaina ya ɗaure. Wani dattijo cikin 'yan ƙungiyar, mai furfura, ya zo ya tsuguna kusa da ni, bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni yaushe rabon da a zubar da man birkin a sa sabo. Na ce cikawa na yi. Ya gyaɗa kai.

Shi ya warware mini abin. Man birki yana shan danshi daga iska, a hankali, ko a cikin mota ko a gorar da aka bari a buɗe. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma'aunin na iya saukowa wajen 155. Nau'in DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa zuwa 140. A cikin gari ba za ka taɓa sani ba, don birki na samun hutu. A fili kuwa ana taka shi da ƙarfi kwana bayan kwana, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da motar ninki huɗu ne. Da man ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuma matsuwa take yi, ƙafa ta nutse ba tare da ta matse faranti ba. Yana hucewa kumfar ta ɓace, bakanike ya duba ya ce lafiya lau.

A nan wurin muka zubar da shi. Ya ba mu gora biyu a rufe daga cikin kayansa, ya ƙi karɓar kuɗi. Mai motar na ciki, ni ina ƙasa da sifana da siririn tiyo, ina cewa "Yi famfo. Riƙe. Saki." Abin da ya fara fitowa baƙi ne kamar shayin da ya kwana, sai da ya koma garau kalar man gyaɗa na ɗaure. Da yamma ya sake shiga, ya yi zagaye goma sha biyu, ya gama can baya-baya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a hanya ko bayan mun dawo, kuma wannan ya fi zagi yi mini nauyi.

Da muke hawo Hawan Kibo a dawowa, motocin da ke gangarowa na wuce mu da ƙaurin birki, sai na tuna direbobi nawa suka taɓa ce mini birki ya ɗauke musu a gangare sannan ya dawo da kansa, ni kuma na duba na ce ban ga komai ba. Wasu har na ce musu tsoro ne.

Yanzu a garejina gorar man birki da aka buɗe ba ta komawa kan kanta. Na sayi littafi ina rubuta lambar mota da ranar da aka canza mata, don masu ƙera motoci da yawa shekara biyu suke cewa. Yarana sun iya karanta lambobin taya, kuma ba mai cire tamostat. Direbobin haya ne masu wuyar sha'ani, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin mai da na fasinja ba sa haɗuwa. Makon jiya wani mai Sharon da ke jigilar Bauchi zuwa Abuja ya ce mini, "Haba Oga, man da bai ƙare ba za ka zubar mini?" Na tatso kaɗan a murfin gora, na ajiye sabo a gefensa, na ce ya duba da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni nawa ne, ya ce in bari sai ya dawo daga lodin gobe. Na ce a'a, ya shiga ya yi mini famfo, kuɗin ya kawo in ya dawo.