Duba hoton dusar ƙanƙara daga ɗakin duhu a Agege

Mu mazauna Legas ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, amma aikin wankin hoto ya sa na daɗe ina kallonta a takarda. Shagon da nake aiki a Agege har yau Oga bai rufe ɗakin duhu ba, akwai 'yan tsiraru da suke ɗauka da fim baƙi da fari, cikinsu har da yaranmu masu karatu a Kanada da Rasha, in sun zo hutu sai su kawo Kodak Tri-X ko Ilford HP5 a wanke musu, in an gama kuma su tsare ka da tambaya, Malam ya ka gani? Amsa wannan tambayar ta fi wankin wuya, kuma a wurinta na fi ƙaruwa.

Yawancin hotunan da suke kawowa dusar ta fito ruwan toka, duk ta yi dauɗa. Ba wai yaron bai iya riƙe kyamara ba, mitar auna haske da ke cikinta ce aka gina ta a kan ta ɗauki duk abin da ta gani a matsayin toka tsaka-tsaki, wanda ake cewa kashi 18 cikin ɗari, to in ta ga fili fari fat sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage. Maganin shi ne ka ƙara haske da hannunka, mataki ɗaya da rabi zuwa biyu sama da abin da mita ta ce, kowane mataki kuwa ninka hasken ne sau biyu. Wannan kowa yana kamawa da wuri.

Inda aikin yake shi ne ɗaya ɓangaren, wato fari ya yi fari amma bai mutu ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo a filin Idi cikin farar shadda mai farin aiki a wuya, rana na dukansa, ya san abin da nake faɗa: in aikin zaren ya ɓace rigar ta zama takarda kawai, hoton ya lalace ko da fuskar ta fito. Dusa ma tana da nata aikin, akwai layukan da iska ta zana, akwai tudu da kwari, akwai sawun ƙafa. Ansel Adams na Amurka, wanda ya yi suna da hotunan gandun dajin Yosemite, shi da Fred Archer sun raba haske gida-gida daga 0 zuwa 10 wajajen 1940, tokar mita tana gida na 5, dusa mai nuna jikinta kuma tana wajen gida na 8. Da ka haura nan to jikin dusar ya ɓace, gida na 10 kuwa farar takarda ce zalla. Ni yanzu nan idona yake fara zuwa, kafin itace ko dutse ko sararin sama.

Kuma ba na buɗe baki sai na ɗora nagatif a kan fitila, wato fim ɗin da aka wanke, wanda a cikinsa fari yake fitowa baƙi, baƙi kuma fari. Takarda tana ruɗin mutum, nagatif ne yake faɗa maka inda matsalar ta faro. In ya yi shara-shara ana hango komai ta cikinsa, haske ne bai isa ba tun wurin ɗauka. In wurin dusar ya yi baƙi ƙirin ya toshe, to ko haske ya wuce kima ko an daɗe da shi a ruwan magani, kuma wannan na biyun ya shafe mu sosai a nan, domin lokutan da kamfanoni ke rubutawa na ruwa mai digiri 20 ne, ruwan famfon Legas kuwa ya fi haka ɗumi nesa ba kusa ba, magani ya fi saurin ci a ruwan ɗumi, wurin haske shi ne yake fara toshewa. Shi ya sa Oga ba ya yarda a zuba fim sai an sanyaya ruwan da ƙanƙara an auna. Bai dace ka ɗora wa mai ɗauka laifin mai wanki ba, wallahi yaro zai koma cikin sanyin nan yana ta gyaran abin da ba shi ya ɓata ba.

Akwai ƙananan abubuwa da na tsinta a hanya. Inuwa a kan dusa shuɗiya ce saboda hasken sama take sha, don haka filta ruwan ɗorawa, wato gilashin da ake sawa a gaban idon kyamara, yana ƙara wa inuwar duhu, dusar ta fito da siffarta. Ranar safe ko ta yamma da take zuwa ta gefe ta fi ta tsakar rana nuna jikin dusa. Wani lokaci kuma za ka ga wasu zane-zane kamar rassan itace a nagatif, lantarkin gogayya ne, yana faruwa in an ja fim da sauri cikin busasshen sanyi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne koyon tambaya kafin hukunci. Michael Kenna ɗan Ingila yana da hotunan Hokkaido a Japan waɗanda kusan duk fili ne fari, sai itace guda ko 'yan sanduna, kuma da gangan ya yi. Wani kuma tokar yake so, don ranar dama haka take, ba rana, gari ya yi nauyi. Wani yaro ya kawo irin wannan, wata gada ce da dusa ta rufe, duk hoton dishi-dishi, na ce ƙanena me ka so mutum ya ji in ya kalla? Ya ce kaɗaicin wurin. Da na ji haka ban taɓa maganar tokar ba, muka koma kan wani allon talla da ya shigo ta gefen dama yana jan ido, muka yanke shi wurin bugawa, na ɗan ƙona saman, wato na ƙara masa duhu a takarda, don gadar ta rabu da gajimare. Da zai tafi na ce in ya koma ya riƙa ɗaukar kowane wuri sau uku, ɗaya yadda mita ta ce, ɗaya da ƙarin mataki guda, ɗaya da ƙarin biyu, ya rubuta kowanne a ɗan littafi ya haɗo da fim ɗin in zai zo hutu na gaba.