Tambuwal da na fi tunawa shi ne na majalisa

Duk lokacin da aka ambaci Aminu Waziri Tambuwal mutane sai su kama maganar gwamnan Sakkwato, ko janyewar da ya yi wa Atiku a 2022, ni kuwa wallahi hankalina majalisar wakilai yake komawa.

Lauya ne tun asali. A jami'ar Usmanu Danfodiyo ya karanta shari'a ya gama a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. Majalisar ma ba da kujera ya fara shigarta ba, hadimin Sanata Abdullahi Wali ne a 1999, sai a 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka zaɓe shi a ANPP. To ka ga mutum ya san lungu da saƙo na gidan tun kafin ya zauna.

A 2011, lokacin yana PDP, jam'iyyar ta riga ta gama lissafinta, ta ce kakaki na kudu maso yamma ne, Mulikat Akande take so, amma 'yan majalisa suka ce sam, tsarin mulki su ya ba ikon zaɓen shugabansu, aka kaɗa ƙuri'a Tambuwal ya samu 252 ita 90, ya zama kakaki. Sai ga Janairun 2012 da aka cire tallafin mai ƙasa ta ɗau zafi, ya kira zaman gaggawa ranar Lahadi, Lahadi fa, majalisa ta ce gwamnati ta dakata. Ranar na ji a raina cewa akwai masu magana da yawunmu.

Da ya koma APC a Oktoban 2014 aka janye masa 'yan sanda, ranar 20 ga Nuwamba kuma aka rufe ƙofar majalisa har da barkonon tsohuwa, manyan mutane da babbar riga suna haura geti. Ni dai abin ya min ciwo sosai. In ana ganin ya saɓa doka da sauya sheƙa ai ga kotu nan, kuma cire kakaki sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, shi lauya ya san haka, shi ya sa ya tsaya kan bakansa.

Yawan sauya jam'iyyarsa kam bai taɓa min daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Ya yi gwamna shekara 8, ya tafi majalisar dattawa a 2023, amma har yau in ana gardamar wane kakaki ne ya iya cewa fadar shugaban ƙasa a'a, sunansa nake fara kawowa.