Haƙori ɗaya ne ya raba bel ɗin Baby Boy da na Hala

Motata Honda Accord ce ƙirar 2000, wadda muke kira Baby Boy, mai silinda huɗu. Ruwa ya fara ɗiga daga injin ta ɓangaren direba, bakanikena na Tudun Wadan Zariya ya leƙa ya ce famfon ruwa ne. A wannan injin kuwa famfon yana ɓoye ne a bayan murfin taimin, kuma bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita motsin fistin da bawul, shi ne ke juya shi.

"Malam, tunda sai an kwance wurin nan, a yi aikin gaba ɗaya kawai," in ji shi. "Kuɗin hannu ɗaya ne."

Ban yi masa gardama ba. Injin nan irin wanda idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan haɗu da bawul ne ya lanƙwasa su, daga nan maganar ta koma ta sauke kan injin. Honda ta ce a canja bel ɗin bayan mil 105,000 ko shekara 7, amma inda zafi ke wuce digiri 43 a canja a mil 60,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kwangila a watan Afrilu ya san wane lissafi ya fi kusa da mu.

Na ce ni zan je Sabon Gari in sayo kayan da kaina. Ba don ina zarginsa ba, so nake in san abin da ke shiga motata. Kafin in tafi sai da ya sa yaronsa ya goge gaban injin da tsumma da fetur, daidai inda ya haɗu da giyabos, har lamba ta fito: F23A1. Ya ce wannan zan riƙe, kada in dogara da sunan mota. Motoci da yawa a garin nan an sauke musu injin an ɗora na Beljiyam, jiki na wata shekara, injin na wata, takardun mota kuma ba su san an yi ba. Ya kuma ciro tsohon bel ɗin ya saka mini a leda.

A shagon farko ina cewa taimin bel na Honda, yaron shago ya miƙo kwali ko tambaya babu. A bayan bel ɗin an rubuta 113RU24. Nawa tsohon, duk da rubutun ya dushe, 112RU24 ne. Lambar farko adadin haƙora ce, ta ƙarshe faɗin bel ɗin a milimita. Hala da Bulldog su ne ƙirar Accord da suka gabaci Baby Boy, VTEC kuma wani tsarin bawul ne na injin Honda. Mai haƙora 113 na Hala ne da Bulldog marar VTEC, mai 112 kuma na Bulldog mai VTEC ne da Baby Boy. Wato Bulldog biyu za su iya tsayawa gefe da gefe, shekara ɗaya, fenti ɗaya, amma bel ɗin wannan ba na waccan ba ne. In ka ɗora bel biyun a kan kantar shago ido ba ya raba su.

"Oga, duk ɗaya ne, ajasta za ta cinye sauran," in ji yaron.

Wannan magana ita ce ta fi komai haɗari a kasuwar, don ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Bel ɗin zai iya hawa, mota ma ta iya tashi. Sai dai ajastar, wato abin da ke jan bel ya ɗaure, tana da iyakar inda take kaiwa, kuma bel mai sako-sako a kan hanyar Kano wata rana zai tsallake haƙori. Na roƙi alli na yi alama a haƙori ɗaya, na ƙirga su a gabansa har na zagayo. Maigidansa, wani dattijo da ke zaune a ciki, ya yi dariya ya ce a ɗauko wa Malam na sama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, injin nan bel biyu gare shi a bayan murfin taimin. Akwai ƙarami mai haƙora 70 da ke juya sandunan da ke hana injin jijjiga. Wasu kan bar shi don ragin kuɗi, wai ai bai tsinke ba. Yana zaune ne dab da babban, ranar da ya tsinke kuwa tsummansa kan shiga ƙarƙashin babban ya kai su ƙasa tare. Kowane bel kuma da nasa boris ɗin ajasta, biyu ke nan. Sai sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na kamshaf da na kiransha da na sandar gaba, wanda aka san shi da fitowa daga gurbinsa ya zubar da baƙin mai cikin ɗan lokaci. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura masa don ya riƙe shi, a tawa mun tarar wani ya riga ya sa. Gaskit na murfin bawul ma sai an saya, tunda sai an ɗaga murfin kafin a kai ga taimin.

A famfon ruwa ne na fi daɗewa. An ajiye mini kala uku: na Beljiyam da aka ciro daga wani injin, sabo mai araha, da wanda aka ce orijina ne, Aisin. Ina sayen na Beljiyam a abubuwa da yawa, kikstata, fitila, har giyabos. Amma abin da roba ce ko boris, wanda kuma ke bayan murfin da sai an yini ana kwancewa, a ganina tsoho ba ya da gurbi a nan. Robar da ta shekara ashirin ta bushe ko da kuwa a Turai ta yi zamanta.

Kwali kuma ba shaida ba ne, don masu jabu sun iya buga sunan Gates da Mitsuboshi da Koyo tsaf. Abin da na yi shi ne na juya famfon da hannu in ji ko yana gurzawa, na girgiza shi in ji ko yana da wasa, na ɗora shi a kan tsohon in ga ramukan noti da haƙoran fulin sun zo daidai. Bel kuma na lanƙwasa shi na duba gindin haƙoran. Mafi amfani duka shi ne yarjejeniyar da na yi da dattijon, cewa in bakanike ya ƙi wani abu zan dawo da shi, ya rubuta a bayan rasit. Wani abokina ya ce in tafi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kaya sun fi yawa. Haka ne, amma mayar da abu daga Zariya zuwa can wani aiki ne na daban.

Na zauna a gareji har aka gama ɗaurawa. Ya daidaita rubutun UP na fulin sama da farar alamar fulin ƙasa, ya zura dogon noti ta wani rami a bayan injin ya kulle sandar baya, don in ta kauce mota za ta yi ta karkarwa ana neman laifin a filogi. Injin Honda na wancan zamanin hagu yake juyawa, saɓanin yawancin motoci, yaron da ya saba da Toyota sai an tuna masa. Wajen ɗaure bel bai sa sukudireba ya banƙare ajasta ba, kamar yadda na sha gani a wasu wurare. Ya sassauta notin, ya juya injin haƙora uku, sifirin ya ja da kansa, sannan ya ɗaure. Ya ce bel ɗin da aka matse fiye da kima kuka yake yi, kuma boris ɗin sabon famfon yake fara ci. Ya zagaya injin da hannu sau biyu, alamomin suka dawo inda suke, sannan ya ce in ba ta wuta.