Shaƙuwar da na rubuta na wuce

Har yanzu takardar tana nan cikin fayil ɗina. Rubutun hannuna ne a gefen shafi: shaƙuwa da amai na kusan mako uku, kafin ido ya tafi. Ni na tambaya, ita ta faɗa, ni na rubuta, har layi na ja a ƙarƙashi. Daga nan na juya shafi na koma kan abin da ya kawo ni, wato neman masu cutar MS a Jos, cutar da Turawa ke kira multiple sclerosis, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta ci rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

Malamar firamare ce daga wajen Bukuru, ba ta kai talatin ba. Mahaifiyarta ce ta turo ta a keken guragu bayan an gama zagayen da kowa ke yi: an ce iska ce, an yi ruƙiya, an sha rubutu, wasu sun ce jifa ne. Idon hagu ya dushe wata shida kafin nan, ya ɗan dawo, sai ƙafafu suka mutu, fitsari ya ƙi riƙuwa. Mace, matashiya, ciwo yana zuwa yana lafawa, ya taɓa ido ya taɓa laka. Duk wanda ya karanci cututtukan jijiya zai ce MS ce. Ni kuwa ina shekara ta biyu a binciken digirina na uku, kuma irinta nake nema ido rufe.

Tun muna ɗalibai ake koya mana cewa MS cutar Turawa ce. Jean-Martin Charcot ya siffanta ta a birnin Paris a 1868, kuma daga baya aka lura tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutum ya nisanci tsakiyar duniya ya doshi ƙasashen sanyi. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita, amma in ka dubi taswirar, yankinmu kusan fayau yake. Ni ban taɓa yarda da wannan fayau ɗin ba. Ƙasar da likitocin jijiya ba su da yawa, na'urar hoton MRI kuma sai an yi tafiya, ta yaya za ta ƙirga cutar da ba a gane ta sai da su? Har gobe ina kan wannan ra'ayi. Sai dai son in tabbatar da shi ne ya rufe mini ido, na manta da abin da kakata ke yawan faɗa, cewa kama da wane ba wane ba ne.

Domin akwai wata cutar mai kama da ita. Eugène Devic ya bayyana ta a birnin Liyon na Faransa a 1894, aka kwashe fiye da shekara ɗari ana ɗaukarta reshen MS mai tsanani. Sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani makamin garkuwar jiki a jinin masu ita wanda babu shi a masu MS, a 2005 kuma suka gano abin da yake kai wa hari: akwaforin-4, wata 'yar ƙofar ruwa da ke jikin ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro waɗanda ke tallafar jijiyoyi. A MS, rigar jijiya garkuwa ke ci, kamar ɓera ya gwaguye robar da ta lulluɓe wayar lantarki. A cutar Devic kuwa masu tallafar ake fara rusawa, shi ya sa ɓarnar take zurfi, kowane tashi kuma sai ya bar tabo. Ƙofofin nan sun fi yawa a jijiyar ido, da laka, da wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke kula da amai. Daga can shaƙuwar take fitowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san duk wannan. Na karanta, har na taɓa gabatar da shi gaban 'yan uwana likitoci. Na kuma san cutar Devic ta fi yi wa baƙar fata da mutanen Asiya yawa fiye da Turawa.

Ba shaƙuwar kaɗai ta yi mini magana ba. Hoton lakarta ya nuna rauni guda dogo da ya zarce gaɓa uku na ƙashin baya, alhali na MS gajeru ne a warwatse. Hoton ƙwaƙwalwa kusan tas. Ruwan lakar da muka ɗiba bai nuna layukan furotin ɗin nan da ake samu a mafi yawan masu MS ba. Kowanne sai da na nemo masa uzuri. Na ce wataƙila a jikin ɗan Afirka haka MS take fitowa, har na fara jin daɗi cewa na gano wani sabon abu.

Kuɗi ma ya taka rawa, amma ni na yanke hukuncin. Tallafin binciken ɗan kaɗan ne. Gwajin akwaforin-4 sai an daskarar da jini an aika ƙasar waje. Na zauna da biro na yi lissafi, na ga abin da zan kashe kan gwajin zai iya biya wa ƙarin marasa lafiya kuɗin hoto, adadin mutanen bincikena ya ƙaru. Na zaɓi adadi. Malamin da ke duba aikina ya ɗaga hoton lakarta sama wajen taga, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka tabbata ba Devic ba ce wannan?" Na ce, "Malam, in kuɗin zango na gaba ya shigo za mu gwada su duka." Ya ce, "To, Allah ya sa." Bai ƙara ba, ni ma ban koma kan maganar ba.

Da a takarda kawai kuskuren ya tsaya, da sauƙi. Yayanta, mai sayar da kayan gwari a Farin Gada, ya same ni ya ce, "Likita, in akwai maganin da ya fi wanda ake ba ta, ka faɗa mini, ko nawa ne." Na ambata masa allurar intafiron, wadda tun 1993 aka amince da ita a Amurka don rage tashin MS. Ya sayar da filin da suka gada. Allurar tana son sanyi, wuta kuma ba ta tsayawa, sai ya riƙa ajiye ta a firjin wani mai sayar da ƙanƙara, duk ranar allura ya je ya ɗauko a kula. Wata huɗu ana haka, idon dama ya tafi cikin kwana biyu. An sani sarai cewa intafiron ba ya amfanar mai cutar Devic, yana ma iya tsananta ta. Wannan ma na taɓa karantawa.

Gaskiya ta fito ne lokacin da na sami damar zuwa wani ɗakin gwaji a Ingila na wata shida, na tafi da ruwan jinin da na adana. A can ana zuba shi kan ƙwayoyin halittar da aka sa wa akwaforin-4, in makamin yana ciki sai gefensu ya haska kore a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Nata ya haska. Ba nata kaɗai ba. Na zauna a ɗakin nan mai duhu ina sauya gilashi bayan gilashi, ina gane masu su da lambobinsu, ina tuna fuskokinsu. Aikin shekara uku ya tashi daga abin da na ɗauka zuwa wani abu daban, amma ba aikin ne ya hana ni barci a daren ba. Filin ne, da idon dama.

Da gari ya waye na kira yayan. Na gaya masa komai yadda yake, ban ɓoye cewa gwajin yana nan tun farko ni ne na jinkirta shi ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Likita, ai ka yi iya yinka. Haka Allah ya rubuta." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka tsayar da allurar, aka koma ƙwayoyin danne garkuwa, azatiyofirin da ɗan sitiroyid, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na allurar ba. Ciwon bai sake tashi ba. Ganin kuma bai dawo ba.

Na sake rubuta binciken daga tushe, wannan karon kan rarrabe cututtukan biyu a mutanenmu, kuma shi ne ya zama aikin rayuwata. Masu MS na gaskiya suna nan, na same su. Akwai wani ma'aikaci da ke zuwa daga Abuja, in zafin Maris ya kama shi ƙafarsa ta yi nauyi ganinsa ya dushe, da ya hau tudun Jos ya kwana biyu sai ya ji dama. Zafi ne ke rage saurin saƙo a jijiyar da rigarta ta zaizaye. Yanzu ma tambayar da ta fi jan hankalina ita ce ta ƙwayar cutar Epstein-Barr. A 2022 masu bincike na jami'ar Harvard, bayan bin bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, sun nuna haɗarin MS yana ninkawa sau 32 bayan kamuwa da ita. Mu nan kusan kowane yaro yana kamuwa da ita tun yana ƙarami. Me hakan ke yi wa garkuwar jikinmu? Ba za a amsa wannan da jinin da aka cakuɗa masu cuta biyu a ciki ba, kuma cakuɗar da na yi ke nan.

Matasan da ke zuwa wurina suna son shiga wannan fanni, ba na fara musu da maganar tallafi ko fita waje. Kasafin kuɗinsu nake karɓa, in ban ga gwajin jini a layin farko ba, na mayar musu. Gara mutum goma da ka san abin da ke damunsu da hamsin da ka laƙaba wa suna. Kafin ma a kai ga Devic, sai an kore tarin fuka na ƙashin baya, da ƙanjamau, da tsargiyar da ke shiga laka, da ƙarancin bitamin B12. Marigayi Farfesa Osuntokun na Ibadan ya nuna tuntuni cewa gubar rogon da ba a sarrafa da kyau ba tana lalata jijiyoyi har ta taɓa ido da tafiya. Jerin nan namu ne, ba za ka same shi a sahun gaba a littafin da aka rubuta don marasa lafiyan Turai ba. In kuma kuɗin hoto ɗaya kawai iyali ke da shi, ƙafafu ne suka mutu, to a ɗauki laka, a ƙirga gaɓoɓin da idon basira.

Malamar nan tana zuwa duk bayan wata uku, tana dogara sanda, mahaifiyarta na riƙe da hannunta. Da na ce, "Mama, sannunku da hanya," malamar ce take rigan amsawa, da murya take gane ni. A takardar tambayoyin da muke cikewa yanzu, shaƙuwa ce tambaya ta uku, bayan suna da shekaru. Makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini takarda ya bar wurin babu komai, ya ce marar lafiyar ba ta ambata ba. Na ce ya ajiye jakarsa ya koma ɗakin ya tambaye ta.